Ruwan da Mama Ta Shanye

Graz, watan Oktoba

Yaya Sabaheta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Mama? Ya yara, ya mutanen Sanski Most? An tsinke tuffan da ke bayan gidanmu kuwa?

Ni lafiya lau. Aikin gidan tsofaffi ba wuya, bayana ne kawai ke ɗan damuna in na ɗaga su. Kada ki gaya wa Mama.

Littafin nan da nake rubutawa a kan ƙaninmu Hajrudin, na ba wata mai buga littattafai ta karanta. Ta ce, "Enisa, uwar nan ɗanta ya ɓace a yaƙi, amma ko hawaye babu? Ki sa ta faɗi ƙasa tana ihu." Raina ya ɓaci. Na ce mata a gidanmu ba wanda ya yi ihu.

Kin san yadda Mama take watsa ruwa a bayan mai tafiya don ya dawo lafiya. Ta watsa wa Hajrudin ranar da ya fita, ba ta ƙara yi wa kowa ba. Ranar da zan taho ta ciko kofi da ruwa, ta tsaya bakin ƙofa tana kallona, sai ta shanye shi. Abin da na rubuta ke nan, kuma ba zan canza ba.

Ki tambayar mini ita ko ta yarda a buga. In ta ce a'a, na ajiye shi har abada. In ta yi shiru kada ki matsa mata, ki dai gaya mini abin da hannuwanta suke yi.

Allah ya nuna mana inda Hajrudin yake kwance.

Ƙanwarki,
Enisa