Mundayen Mama a Hannuna

Litinin, 4 ga Nuwamba

Yau ma na saka mundayen Mama na ɗauki bidiyo. Na jingina waya a bakin turmi, na shafa toka a bayan hannuna, na ɗaura tsohon zanenta, na yi ta juya kalwa a ƙwarya. Daga gwiwar hannu zuwa ƙasa kawai ake gani. Na rubuta abin da na saba rubutawa: "Daddawar Mama Saki, daga hannunta zuwa tukunyarki."

Ni na ƙirƙiro maganar nan shekara uku da suka wuce, kuma a lokacin gaskiya ce tsagwaronta. Uwar mijina ke dafa kalwa, ita ke wankewa, ita ke rufewa. Nawa shi ne in busar, in ɗaure yadda ba za ta yi wari a akwati ba, in tallata wa matanmu masu aikin jinya a Ingila. Su kaɗai na sa a gaba, su da ke kewar miyar gida. Ban taɓa ce musu tana maganin komai ba. Cewa na yi babu tsakuwa a ciki, kuma tsohuwa ce ta yi. Na farkon har yau gaskiya ne.

Tun watan azumi da ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun nan bai sake ɗaga ko ludayi ba. Tsofaffin bidiyo suka ƙare a watan Yuni, daga nan na fara saka mundayen. Ina rubutawa a nan ne don ba ni da wanda zan faɗa wa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Tafin hannuna ya sake tsagewa. Ruwan kalwa ba ya raga wa fata.

Jumma'a, 8 ga Nuwamba

Ranar saƙonni. Kowace Jumma'a bayan azahar sai na kai wa Mama waya ta ji muryoyin masu yi mata godiya. Bakinta ya karkace amma kunnen nan garau yake. "Amarya, sake kunna min na mai kukan nan." Shekara goma sha ɗaya a gidan nan, har yau ni ce amarya. Na kunna sau uku. Wata ce ke cewa ta buɗe leda sai ta ji kamar tana tsakar gidan kakarta a Isehin.

Na kawo mata sabuwar da na buɗe da safe ta ɗanɗana. Ta tauna, ta tauna, ta ce, "Gishiri." Shi ke nan. Wata takwas ban ji wata kalma a kan daddawata ba bayan wannan.

Talata, 12 ga Nuwamba

Anti Bolatito ta turo saƙon murya tana ta dariya: "Maman Rofiat, kin ga hannun Mama kuwa? Ya koma na budurwa! Man da na aiko yana aiki, ki ce ta ci gaba da shafawa."

Tokar ce ban shafa sosai ba. Na tura mata hoton hannu biyu na addu'a na kife wayar.

Man kuwa yana aiki, don ni nake shafawa. Matar nan ita ta fara saye a wurina, ita ta ja min ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarta ta rasu tana can Ingila ba ta samu jana'iza ba, tun daga nan take ce wa Mama "Mamata." Ko sau ɗaya ba su taɓa haɗuwa ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na taɓa wa mijina, Baban Rofiat, maganar yana cin amala. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Ƙoren wa kike amfani da su?" Na Mama. "Ɗakin wa kike rufewa?" Na Mama. "Wa ya koya miki?" Mama. "To ina ƙaryar? Ke dai kina son neman magana. Kin ga wani ya dawo da kaya?"

Na ce an rubuta hannunta.

"Hannu, hannu! Miya suke ci ko hannu?"

Da ma haka yake, in ya ga zai sha kaye sai ya ba mutum dariya. Ban yi dariyar ba. Shi ke kai kayan tasha, shi ya san yadda buhun ya ƙara nauyi bana, kuma da kuɗin ake sayen maganin Mama. Ban ce bai da gaskiya gaba ɗaya ba. Amma ba shi ke shafa tokar ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Za ta zo. Anti Bolatito. Za su yi addu'ar shekara biyu ta mahaifiyarta a Ibadan, ta ce ranar ashirin da ɗaya ga Disamba za ta taso musamman har Saki ta durƙusa a gaban Mama, ta ga yadda take rufe ƙwarya da idonta.

Na rubuta mata "Sai kin zo, Anti." Me zan ce?

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na rubuta saƙon. Dogo, na faɗi komai tun daga watan azumi. Na karanta sau huɗu, na goge. Na sake rubuta gajere, shi ma na goge. Da a watan farko ne, magana ce ta layi biyu: Mama ba lafiya, ni nake yi yanzu. Yanzu kuwa duk bidiyon da na saka ya zama shaida a kaina. Ashirin da uku ne, na ƙirga.

Abin da ya fi ci min rai, daddawar tana kyau. Wallahi tana kyau. Tawa ba ta taɓa yin yauƙin banza ba, kuma na fi Mama haƙurin tsince tsakuwa. Babu wanda ya san haka a duniya sai ni.

Jumma'a, 29 ga Nuwamba

Bayan saƙonni na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na ce, "Mama, ina ganin ya kamata a gaya musu."

Maganarta tana fita da ƙyar, sai an kasa kunne.

"In kin gaya musu, wa zai riƙa kiran sunana ran Jumma'a?"

Na ce za su ci gaba da gaishe ta.

"Gaisuwar mara lafiya. Na ƙoshi da ita a unguwar nan. Su can ne kawai ba su san na zauna ba." Ta juya fuska bango. "Ki bar min su, amarya."

Na fito na tsaya a ɗakin ƙore ina kuka, ga zafi ga wari. Na ɗauka Baban Rofiat ne kaɗai ya tare min ƙofa, ashe har da ita. Kuma ita ba zan iya yi mata tsawa ba.

Talata, 10 ga Disamba

Baban Rofiat ya yi gwajin zuwan Anti yau. Ya ɗauko Mama ya zaunar a kujera 'yar tsuguno, ya jingina ta da bango, ya ajiye ƙwarya a cinyarta, ya rufe hannun dama da gefen zane. Da hagu za ta riƙa juyawa. In an yi tambaya a kan karkacewar bakinta, a ce haƙori ne ke damunta.

Mama ta yi yadda ya ce, har tana gyara zama. Ni ce na kasa kallo.

Jumma'a, 20 ga Disamba

Na mayar mata da mundayenta saboda gobe. Na dama sun ƙi shiga, yatsun sun dunƙule sun ƙi buɗewa. Duka shida na zuba a hagu.

Sai yanzu ina wanke ƙwarya abin ya faɗo min: Anti Bolatito fa ma'aikaciyar jinya ce.

Asabar, 21 ga Disamba

Ta iso da hantsi. Gajera ce, ba yadda na zata ba, kuma ta fi muryarta tsufa. Tun daga ƙofa ta ajiye jaka ta zube gwiwa biyu, tana "Mamata, Mamata," hawaye na zuba. Mama ta ɗora mata hagu a ka ta sa mata albarka. Na ɗan lokaci har na ji kamar za mu tsallake.

Sai ta ce bari ta sumbaci hannun da ke ciyar da su. Ta ɗaga gefen zanen.

Ba ta yi ihu ba. Ta riƙe hannun, ta juya shi, ta gwada buɗe yatsa ɗaya a hankali, ta taɓa gwiwar hannun, ta dubi bakin Mama. Fuskarta ta canza, ta koma ta wurin aiki.

"Yaushe?"

Baban Rofiat ya yi caraf ya ce, "Satin da ya wuce ne, Anti, ɗan ciwo ne..."

"Yallaɓai, shekara tara ina ɗakin masu shanyewar jiki. Yaushe?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Watan azumi. Wata tara. Ni nake yi tun lokacin. Hannun da kike gani a bidiyo nawa ne."

Ta dubi hannuna, ta dubi tsagar tafin. Na jira zagi. Na ma shirya masa, da ta zage ni da na ji sauƙi.

"Wa yake motsa mata shi?"

Na ce mun je Ibadan sau biyu wurin masu gashin ƙashi, hanya ta yi nisa, sai muka koma shafa man kaɗanya muna naɗewa da zane.

"Naɗewa." Ta rufe ido. "Maman Rofiat, lambar ma'aikatan jinya nawa ce a wayarki?"

Na ce sun fi ɗari biyu.

"Ba ki tambayi ko ɗaya ba. Da kin turo min layi ɗaya a watan farko, da ta waya zan nuna miki yadda za ki riƙa buɗe shi safe da yamma. Ban ce da ya warke ba. Amma da bai ƙage haka ba."

Mama tana jin komai. Ta sunkuya tana kallon hannun kamar yau ta fara ganin sa.

Anti ba ta ci abincin da na dafa ba. Amma ba ta tafi ba sai da ta yi awa biyu tana koya min, yatsa bayan yatsa, tana riƙe hannuna tana ɗorawa a kan na Mama. Da za ta shiga mota ta ce, "Ni na riƙa rantse wa mutane cewa na san gidan nan. Ki gaya musu da bakinki. In ba ki yi ba, ni ba zan faɗa ba, amma kada ki ƙara turo min komai."

Lahadi, 22 ga Disamba

Duk tsoron da na yi wata tara, na kasuwa ne. Ko sau ɗaya ban yi tunanin hannun ba. Ni da nake wanke shi kullum.

Alhamis, 26 ga Disamba

Na ɗauki bidiyon, da fuskata. Ban nemi izinin kowa ba. Na faɗi sunana, Moradeke, na ce Mama ta kwanta tun azumi, na ce hannun da suka gani nawa ne kuma mundayen aro ne, na ba su haƙuri. Sau ɗaya na ɗauka, ban sake ba.

Kafin la'asar mata goma sha ɗaya sun fita daga zauren da nake tallata musu a waya. Wata ta rubuta "Allah ya isa." Wata ta ce a soke daddawar da ta ce a aika mata. Baban Rofiat ya ce, "To, sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha," ya fita bai ci abinci ba.

Na gaya wa Mama. Ta miƙo min hannun da hagunta, lokacin motsawa ya yi.

Jumma'a, 27 ga Disamba

Saƙonni sun zo, irin waɗanda ta ce ta ƙoshi da su. Sannu, Allah ya ba da lafiya. Ta ji biyu ta ce in kashe. Wannan ni na jawo mata, kuma ban san ranar da za ta yafe ba.

Jumma'a, 10 ga Janairu

Buhun wannan makon bai kai rabi ba. An buga sabuwar takardar da ake liƙa wa leda, an cire "daga hannunta." Sunan Mama Saki na nan, don ƙorenta ne.

Yatsun ba su buɗe ba. Anti ta ce kada in sa rai da wuri, kada kuma in fasa. Takan kira ran Lahadi ta duba ta waya, ta yi min faɗa a kan babban yatsa, ba ta taɓa maganar daddawa. Wasu uku ma sun turo yadda ake motsa hannun a wurinsu. Yau Mama ta saurari ɗaya har ƙarshe, ta ce matar ta cika surutu.

Na kai mata sabuwa ta ɗanɗana. "Gishiri." Ban rage ba, haka nake son ta.

Ɗazu wata baƙuwar lamba ta rubuto: "Don Allah ke ce mai daddawar?" Na rubuta "Ni ce," na tura, na koma kan tukunya. Sai da na juya kalwa sau biyu na lura ban leƙa ɗakin Mama ba kafin in amsa.