Wuƙar Baba a Hannun Sarkin Pawa

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Likita ce ta ce in riƙa rubuta yadda nake ji, to ga shi. Ba na jin komai. Wata bakwai ke nan da 'yan bindiga suka tare mu a hanyar Ngaski muna dawowa da shanu, suka kwantar da ƙanena Zulkiflu, suka yi masa yankan rago a gabana. Ni da nake yanka a mayankar Yelwa tun ina saurayi, tun ranar ban ƙara sa nama a bakina ba. Likitar ta ce ciwon damuwa ne. Ƙwaya ɗaya kowace safiya, sai an yi makonni kafin a ga aikinta, kuma kada in kuskura in daina kwatsam ko da na ji sauƙi. Na ce to, don in samu in fito.

Asabar, 7 ga Satumba
Tashin zuciya, baki a bushe. Matata Saratu ta ce ai likita ta faɗa, zai wuce. Ita komai ta riƙe, kamar ita aka duba.

Talata, 1 ga Oktoba
Barci ya dawo. Shanu uku yau, kowanne ja ɗaya. Wuƙar Baba da na gada ma kamar ta san na dawo. Nama dai har yanzu a'a.

Asabar, 12 ga Oktoba
Almustapha! Ɗan baffana ne, amma tun da aka ba ni yanka aka bar shi a fiɗa yake jin haushina. Katin asibiti ya faɗo daga aljihuna, ya ɗauka, ya karanta, ya ɗaga murya: "Jama'a, ashe mai shan maganin taɓin hankali ka yi muna yanka! Yankan mahaukaci ba mushe na ba?" Masu tsire biyu suka ajiye naman da suka zaɓa.

Na sauka bakin ruwa na watsa sauran maganin duka. Kifi su sha.

Talata, 15 ga Oktoba
Jiri. Wani abu yana tartsatsi a kaina kamar an jona mini wayar wuta. Saratu ta tambayi ina maganin, na wurga mata kwanon koko, ya wuce ta gefen kunnenta ya daki bango. Ta sunkuya ta kwashe. Da zagina ta yi da ya fi mini.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Modibbo, dattijon Bafillacen nan na wajen Shanga, ya kawo farin sa. Aka kayar, aka ɗaure, aka fuskantar da shi alƙibla. Na yi bisimilla, na ɗora wuƙa, na ja. A tsakiyar ja abin nan ya fizge ni a ka, ƙasa ta juya, fuskar Zulkiflu na gani a ƙarƙashin hannuna. Na ɗaga hannu.

San ya tsinke igiya ya miƙe, maƙogwaro rabi a yanke, jini yana tsartuwa har kan rumfa. Ya bi ta kan tebura, ya tunkuyi wani mai tura baro, ya zagaya yana wani irin gurnani da ba zan manta ba. Kafin a cim masa ya faɗi a kwalbati ya mutu. Mushe, na gaske.

Almustapha ya ce, "Mi nac ce muku?" Ban san sanda na shaƙe shi ba, wuƙa a ɗage. Sarkin Pawa ne ya murɗe hannuna ta baya, ya karɓe ta, ya goge a rigarsa. Ya ce, "Jalaluddeen, wuƙag ga ta mahaifinka ta. Tana wurina."

Sauran kaɗan in kashe ɗan'uwana. Na rubuta don kada in yi wa kaina musu gobe.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Asibiti. Saratu a gaba, ni a baya kamar ragon layya. Na ce wa likita ta ba ni guda shida in haɗiye in rama kwanakin da na rasa. Ta ce wannan ba ramuwar azumi ba ce, yin haka shi ke kai mutum gadon asibiti. Daga kaɗan za a sake farawa. Jirin da tartsatsin, yankewa kwatsam ne ya kawo su. Ta ce ko ran da za a daina, ita za ta rage a hankali, kuma in nisanci tiramol da 'yan kasuwa ke miƙa wa juna, ba su haɗuwa da wannan.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Wankin hanji aka ba ni. Ni! Ina wankewa ina jin kamar in fasa ihu.

Modibbo ya zo. Na ɗauka maganar sansa ce, sai ya zauna kusa da Sarkin Pawa ya ce, "Mako shida yana sha, muna cin yankansa lafiya lau. Ya bari kwana biyar, ga abin da munka gani. To yaushe ne ba shi da hankalin?" Ya ce wanda ya san niyya, ya san bisimilla, ya san alƙibla, yankansa halas ne. Almustapha dai ƙasa ya yi ta kallo, shatin yatsuna bai gama ɓacewa a wuyansa ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Uhm."

Asabar, 30 ga Nuwamba
Na sha maganin yau a bakin mayanka da ruwan leda, wanda ya ga dama ya kalla. Ba wai jarumta ba, mantawa na yi a gida Saratu ta biyo ni da shi.

Sarkin Pawa ya miƙo wuƙar Baba. Rago kawai, in ji shi, sa sai nan gaba. Almustapha ne ya riƙe ƙafafu, ba wanda ya sa shi. Ja ɗaya.

Saratu ta yi farfesun haƙarƙarin, ta ajiye, ta juya baya wai tana neman ludayi. Na ci tsoka biyu. Yunwa ce kawai.