Hoton da Aka Kai Ofis

Guangzhou,
28 ga Yuli.

Zuwa ga ƙanena Tankari,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da iyalinka, da 'yata Maijidda da mijinta da yaranta. Yaya ciwon idon nan naka? Allah ya sawwaƙe. Ni ma lafiya, sai zafin garin nan da ba ya barin riga ta bushe a jikin mutum.

Bayan haka, yau kwana uku da wucewar ashirin da biyar ga wata. Shekara talatin da huɗu ke nan gwamnati na biyana kuɗin nakasa, tun da motar gyaran hanya ta taka mini ƙafa a bakin aiki. Tun da na zo ƙasar nan kuma, shekara goma sha bakwai, aikinka ɗaya ne: ka cire kuɗin a banki da katina, ka kai shagon su Alhasan a Ƙofar Wambai, shi kuma Alhasan ya ba ni kuɗin Sin a nan.

Ran ashirin da biyar na yi wanka, na sauko bene hawa biyar, na tafi kasuwar Zhanxi inda Alhasan ke ɗaure kwalayen takalman da yake turawa Kano. Na san kafin a buɗe banki a Kano, nan ana shirin la'asar, don haka ban yi gaggawa ba. Na zauna a kan kwali har aka rufe kasuwa. Duk sanda na ɗaga kai sai ya dubi wayarsa ya ce mini meyo, yadda 'yan Sin ke cewa babu, yana dariya kamar ni abokin wasansa ne. Na koma shekaranjiya, na koma jiya. Meyo.

Kada ka zaci ni kuɗin nan suka dama. Na sha gaya muku sadaka nake yi da su. Akwai wani dattijo a nan da ba shi da kowa, da su yake biyan haya, mai gidansa kuma ba ta san uzuri ba. Ɗaya ga wata take ƙwanƙwasa ƙofa.

Na san halinka tun kana yawo ba wando. In an aike ka sayen kalanzir sai ka dawo da rabin kwalba da cikakken bayani. Idan ka taɓa su ne saboda rufin ɗakin nan da kake ta maganarsa, ka fito ka faɗa, kada ka bar ni ina zama a kan kwali gaban sa'o'in 'ya'yan cikina.

Na rubuto da hannuna, na sa a kwalin takalman da za su bi jirgin sama jibi, domin ni ba na zuba maganar gida a wayar wani. Kai ma ka rubuto.

Ka gaida kowa.

Yayanka,
Shitu.

Guangzhou,
27 ga Agusta.

Tankari,

Na gaishe ka saboda nonon da muka sha. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, na ji muryarka, ba ta marar lafiya ba ce. Ka gaida Maijidda.

Na ce ka rubuto, sai ka aiko saƙon murya ta wayar Alhasan. Shi kuma ya kunna a tsakiyar shago, gaban fatake huɗu da suka sauka daga Kano a ranar, da Habsatou, wata 'yar Maraɗi mai kawo abincin sayarwa. Kowa ya ji. Har ɗaya daga cikin fataken ya ce a maimaita.

Ga abin da na fahimta, ka gyara mini in na yi kuskure. Ofishin da ke biyanmu ya nemi duk wanda ke waje ya aiko sabon hoto daga kai har ƙafa, a tabbatar yana raye. Ba ka sanar da ni ba. Ka je gidan Maijidda, ka ciro hoton da ke bangon falonta, wanda aka ɗauke ni a baje kolin Pazhou, ina tsaye cikin babbar riga mai ɗinkin aska takwas, da katin shiga a wuya, hannuna a kan sabuwar mota. Shi ka kai ofishin nakasassu. Jami'in ya duba ya ce wannan Alhajin ai ya fi shi lafiya, ya dakatar da biyan.

Wai don kada a raina yayanka! Tankari, an aike ka ofishin guragu, ka tafi da hoton ango. Kai ne ka riƙe mini fitila a asibiti ranar da aka yanke ƙafar nan daga ƙasan gwiwa. Ka manta ne? Na ji kana cewa ai ni na rubuto cewa likitocin Sin sun gyara ni har na yar da sanda. Abin da na rubuta wa gida na gida ne. Wa ya ce ka kai wa hukuma?

Na kuma ji sharaɗinsu: kafin ƙarshen Satumba a kawo hoton da ke nuna ƙafar a fili, kuma Maijidda ce za ta kai ta sa hannu, tunda sunanta ne a fayil a matsayin magajiya, in ba haka ba a rufe fayil ɗin har abada. To ba zan yi ba. Ban tuɓe wa kowa ba tun da uwarta ta rasu, ba zan tuɓe wa akawun da na girmi ubansa ba. Maijidda kuwa ba za ta taka ofishin nan ba. Kai ka ɓata, kai za ka je ka gyara. Ka ce musu kuskure ne, ka rantse musu, ka kwana a ƙofarsu in ta kama.

Dattijon da na gaya maka, mai gidan ta ba shi zuwa ƙarshen Satumba, daga nan za ta ba wani ɗakin. Alhakinsa yana wuyanka.

Yayanka,
Shitu.

Guangzhou,
13 ga Satumba.

Zuwa ga Tankari,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali duka. Wasiƙarka ta iso, na gode da ka tuna yadda ake riƙe biro, ko da yake rubutunka bai gyaru ba tun elemantare. Na ga ka je ofis sau uku an koro ka. Ban yafe maka ba, kada ka zaci haka daga ganin takarda mai kauri.

Babu wani dattijo. Ni ne. In kana da wayo ka riga ka gane, amma ban taɓa saninka da shi ba.

Da na zo garin nan ina da aiki. Fatakenmu ba sa karanta Turancin takardun kaya, ni nake karanta musu, in rubuta musu, in raka su masana'anta. Yanzu kowa wayarsa ce ke masa tafinta. Shekara shida rabon da wani ya neme ni. Wani mai tura kaya ɗan Kumasi, Abdul-Fatah, shi ya bar sunana a cikin ma'aikatansa don takardar izinin zamana, kuma babbar rigar da ke hoton nan tasa ce. Duk bazara da kaka, idan aka buɗe baje koli, yana ara mini, in ɗaura ƙafar roba, in ba wani sanda ya riƙe a gefe. Motar kuwa na dafa ta ne don kada in faɗi. Ƙafar robar ma ta tsage tun bara, dungun kuma yana kumbura idan aka yi ruwa. Da sanda biyu nake sauka benen nan yanzu, ina hutawa a kowane hawa.

Tun ranar da aka kunna muryarka, Habsatou take hawowa da kwano, wai Baba ɗanɗana mini in gishiri ya ji. Kwano cike, Tankari, don ɗanɗana gishiri. Ina ci, ina jin haushinta, ina jin naka. Jiya ta tarar mai gidan ta kawo wani saurayi yana auna tagar ɗakina da awo, ni ina zaune a kan gado ba wanda ya ce mini sannu. Da suka fita na ce wa Habsatou ta ɗauko wayarta ta ɗauke ni hoto.

Hoton yana cikin ƙaramin ambulan. An wanke shi a shagon ƙasanmu. Ina zaune a bakin gado, na naɗe wando, ga sandunan a jingine. Ɗakin da kake gani a bayana shi ne duka ɗakin, babu saura. Ta ce in bari ta kawar da bokiti da tukunya, na ce ta bar su, masu gyara mini hoto sun ishe ni.

Maijidda tana da shekara tara na bar ta. Abin da ta sani na ubanta shi ne mutumin nan na bango, shi take nuna wa dangin mijinta. Kai ka jawo, don haka kai za ka miƙa mata da hannunka, a cikin ɗakinta, ba a gaban miji ba, ba a layin ofis ba. Kada ka yi mata bayani, na san bayaninka. Ka bari ta duba har ta gaji. Tsohon hoton kuma in sun dawo da shi kada a mayar bango.

Ran ashirin da biyar ga wata zan kasance a kan kwalin Alhasan da la'asar. In kuɗin sun shigo, ka aiko saƙon murya ta wayarsa, kowa ya ji, babu abin da ya rage da zan ɓoye wa Zhanxi. Amma abin da ta ce sa'ad da ta buɗe ambulan, wannan ka rubuto mini da biro, yadda ta faɗa, ko da babu daɗi. Kada ka ƙara masa ko aska ɗaya.

Allah ya ba ka lafiyar ido.

Yayanka,
Shitu.