Baffa Ya Sayo Mini Idon Kyamara, Amma Ya Ƙi Hawa

Assalamu alaikum Anti Saliha. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar mai zuwa, domin na rasa yadda zan yi, kuma abin da ya dame ni ba irin wanda ake kai wa ƙawaye ba ne, dariya za su yi mini.

Ni malama ce, ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a nan Azare. Ina da aure da 'ya'ya. Abin da nake so a rayuwata bayan iyalina da aikina shi ne ɗaukar hoton tsuntsaye. Ba sana'a ba ce, ban taɓa ɗaukar hoton biki ko suna ba, sha'awa ce kawai. Na fara da waya, daga baya na sayi tsohuwar kyamara a hannun wani abokin aikinmu. Idan an yi hutu maigidana, Uzairu, yakan kai ni fadamar wajen Katagum ko ta Sakwa, ya zauna a inuwa da rediyonsa, ni kuma in shiga bin zalɓe da kirinjijiya. Ba yabon kai ba, Anti, na iya. Ɗalibaina da hotunana suke koyon sunayen tsuntsayen ƙasarmu, ba da na littafin da aka buga a wata ƙasa ba. Akwai yarinyar da ta ce mini saboda hoton dinya da na nuna musu take so ta karanci ilimin dabbobi. Ranar har na yi ƙwalla.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da abin ba, shi ne mahaifina, da muke kira Baffa. Dattijo ne, ya yi kiwo a Udubo tun yana yaro, daga baya ya koma fataucin shanu ya zauna a Azare. A wajensa, mace mai 'ya'ya ta rataya kyamara tana kutsawa cikin ciyawa rashin aikin yi ne. Bai taɓa hana ni ba, tunda mijina ya amince, amma duk sanda maganar ta taso sai ya kawar da kai ya shiga wata hira. Na daɗe da haƙura.

Bayan damina na yi sa'ar da ban taɓa yi ba. Na hango gauraka guda biyu can tsallaken ruwa, na ɗauke su. Da na je gaida Baffa, ƙanwata Jannatu ta karɓi kyamarar tana dubawa, ta miƙa masa ba tare da ta tambaye ni ba. Na zaci zai mayar. Sai na ga ya ɗauko tabarau. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce rabonsa da ganin gauraka tun yana bin shanun kakanmu, shi a zatonsa sun ƙare a ƙasar nan. Ya shiga ba mu labarin yadda suke rawa da sassafe, da yadda kukansu ke tashe su a ruga. Ban taɓa jin Baffa ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Can ya tambaye ni me ya sa suka fito ƙanana kamar ƙudaje. Na ce masa idon kyamarata, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a gabanta, ba ya jawo abu mai nisa, akwai dogon ido na musamman da ake yin wannan da shi. Ya ce to. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Anti, ashe ya riƙe. Bai gaya wa kowa a gida ba, ya ɗauki amininsa Malam Bubayero suka hau motar haya zuwa Kano. Mutumin da gwiwa ke damunsa, wanda ko Misau ba ya son zuwa yanzu. Suka yi ta tambaya har aka kai su shagon kayan hoto. Malam Bubayero ne ya ba Uzairu labari daga baya: wai Baffa cewa ya yi da mai shagon, “Ba ni idon da ke jawo tsuntsu daga tsallaken ruwa, 'yata ce ke ɗaukar gauraka.” Da aka tambaye shi wace irin kyamara ce, ya ce baƙa ce.

Da suka dawo, Baffa ya aiko aka kira ni, ya ajiye kayan a gabana kan tabarma: dogon ido a kwalinsa, mariƙi mai ƙafa uku, da jakar goyo mai aljihuna. Ya ce, “Ga shi nan. Yanzu sai su fito da girmansu.” Na durƙusa na yi godiya. Wallahi ban taɓa jin alfahari da zama 'yarsa irin na wannan rana ba.

Da na koma gida na buɗe, na gwada ɗaurawa, ya ƙi hawa. Na juya, na sake juyawa. Ashe na wani kamfani ne daban, bakinsa da na kyamarata ba su dace ba. Mariƙin da jakar lafiya lau, idon ne kawai, kuma shi ne babban abin.

To ga inda matsalar take. Baffa ya riga ya baza labari a majalisarsu ta ƙofar masallaci. Dattawan da a da ba sa ko tambayar aikina, yanzu in mun haɗu sai su ce, malama mai gauraka, yaushe za mu ga sabon hoto? Shi kuma ya ce ranar Asabar da shi za a je fadama, yana so ya leƙa da idonsa ya ga yadda ake jawo su. Ya ma sa an wanke masa malfarsa ta kiwo. Ya tambaye ni sau biyu ko idon ya yi, na ce masa yana da kyau sosai, wanda gaskiya ne, amma ba ita ya tambaya ba.

Uzairu ya ce kada in karya masa zuciya, mu nemo kyamarar da za ta dace da idon a ɓoye, ko ta aro ce, tunda Baffa ba zai bambance ba, duk baƙaƙe ne. Jannatu kuma ta ce in ce ba ni da lafiya a ɗage tafiyar. Ni kuwa tsoro nake ji. Wannan ne karo na farko da Baffa ya sa hannu a abin da nake so. Idan na ce masa ya yi kuskure, ina gudun ya ji kunya a gaban abokansa, ya janye, mu koma gidan jiya. Ki ba ni shawara, Anti.

Taki,
'Yar Baffa, daga Azare

Wa'alaikumus salam 'Yar Baffa.

Da farko ina taya ki murna. Wasiƙu da yawa na zuwa teburin nan daga 'ya'yan da ke neman kalma ɗaya ta yabo daga iyayensu ba su samu ba. Naki mahaifin ya hau mota da ciwon gwiwa ya je Kano. Wannan ya riga ya zama naki, ko idon ya hau ko bai hau ba.

Na fahimci maigidanki, kuma niyyarsa mai kyau ce. Dattijo yana da martabar da yake karewa, musamman a gaban tsararrakinsa, kuma tsoronki ba na banza ba ne. Amma ban goyi bayan shawararsa ba. Kyamarar aro za a mayar da ita, daga nan kuma sai wace dabara? Ga Malam Bubayero, ga Jannatu, ga Uzairu. Maganar da ta shiga bakin mutane da yawa haka za ta fito wata rana. Idan Baffa ya ji daga baya, ba kuskuren saye zai dame shi ba. Abin da zai yi masa ciwo shi ne an mayar da shi tsohon da ake lallaɓawa. Ta ƙanwarki kuwa, ƙaryar ciwo, ki bar ta inda kika ji ta.

Kuma ki tuna wane ne mahaifinki. Bafatake ne. Ya sayi saniya ta ƙi kiwo, ya sayar da wata an dawo masa da ita. Komawa wajen mai kaya a gyara ciniki ba abin kunya ba ne a wajensa, aikinsa ne na shekaru. Ke ce kike ganin abin kamar dutse.

Ki je ki same shi kafin Asabar, shi kaɗai, ba a gaban kowa ba. Ki tafi da kyamarar da idon. Ki fara nuna masa mariƙin da jakar da yadda suka yi miki daidai. Sannan ki sa masa su biyun a hannu ya gwada haɗawa da kansa, ki faɗa masa cewa kowane kamfani da irin bakinsa, ke ma ba ki yi masa wannan bayanin ba ranar da ya tambaya. Ki nemi afuwar jinkirin da kika yi, a taƙaice, ba tare da kuka ba. Daga nan ki roƙe shi ya raka ki Kano, domin shi mai shagon ya sani.

Na tambayi mai ɗaukar hoton jaridarmu, ga abin da ya ce. Kada ki ƙara tilasta idon, za ki iya lalata bakin kyamarar. Ki adana kwalin da duk abin da ya zo da shi, a kira mai shagon tun yanzu, domin jinkiri na sa musanya ta yi wuya. Abin da ya fi shi ne a canza miki da irinsa na kamfanin kyamararki. Idan babu, akwai zoben adafta da ke haɗa wasu idanu da wasu kyamarori, amma ba kowane ke yi ba, wani kuma yana rage saurin kama hoto, tsuntsu kuwa ba ya jira. Don haka ki gwada a nan cikin shagon, ki ɗauki abu mai motsi a titi ki gani kafin ki yarda. Daga yau kuma, ko batir za ki saya, ki tafi da kyamararki.

Tafiyar Asabar kada a fasa ta. Ki kafa mariƙin da ya sayo, ki yi aiki da tsohon idonki, ki bar shi ya nuna miki inda tsuntsaye ke sauka da lokacin da suke fitowa. Mutumin da ya girma a ruga ya san abin da babu shagon da zai sayar miki. Dattawan majalisa kuma su ƙara haƙuri, hotonsu na tafe, kuma wanda zai kai musu shi zai ce da shi aka ɗauka.

Allah Ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a hannunki da ɗalibanki. Ki gaida Uzairu, ki ce masa wannan karon ya ƙara tabarma ɗaya a mota.

Anti Saliha