Ƙarfen Baba a Kan Madatsa

Litinin, 3 ga Maris
Hotunan na'urar rada sun sauko daga tauraron ɗan'adam. Sun sake nuna bangon madatsar ruwa yana nutsewa a hankali, ga shagon waldar Baba da ɗakin kwanansa a gindinsa. Ogana na ofis ya leƙa kwamfutata yana tauna biro, wai ciyawar kan bangon ce ke rikita awo. Ciyawa! Wallahi sai na kawo masa hujjar da za ta rufe masa baki.

Alhamis, 6 ga Maris
Na sami dabara. A kafa ƙarfe mai kusurwa uku a kan bangon, ya riƙa mayar wa tauraron saƙonsa. A hoto zai fito fari tas, ko da hadari ko babu. In ya motsa, bango ne ya motsa. Baba ya ƙera mini shi. "Uwata, wato daga sama za a riƙa kallon aikina?" Har maƙwabta ya kira su gani.

Talata, 25 ga Maris
Awo ya haukace, yau ƙarfe ya hau, gobe ya sauka. Oga murmushi kawai ya yi. Gara ya zage ni.

Asabar, 29 ga Maris
Na tarar da Baba a kan bango da sifana a hannu. Ashe kullum da safe sai ya kwance ƙarfen, ya goge shi, ya gyara masa zama, wai kada a ga aikinsa a karkace daga sama. Na rasa dariya zan yi ko kuka.
"Baba, don Allah ku bar shi. Ko kashin tsuntsu ne a kai, ku bar shi."
Ya ce tunda yake bai taɓa ganin aikin da ake hana mai shi gyarawa ba. Na sa an zuba wa ƙafafun ƙarfen siminti, na taho da sifanar a jakata.

Laraba, 14 ga Mayu
Awo ya daidaita. Layi ɗaya, ƙasa yake yi ba tsayawa. Oga ya ce, "Ke ce da gaskiya," ya buga wa masu kula da madatsa waya a gabana. Za a tashi mutanen gindin bango kafin damina ta kankama. Na zaci zan ji daɗi. Tsoro na ji.

Juma'a, 16 ga Mayu
Baba ya ce ba inda za shi. Amma dole sai ya tashi, ko da kuka ne.

Lahadi, 18 ga Mayu
Na wuni ina sake lissafin, ina neman kuskurena. Ni da na tsani a ce na yi kuskure. Babu.
Na kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin gidana, shara ce kawai, ya daɗe yana buƙata. Na auna ƙofar baya ma. Injin waldar Baba zai shiga in an ɗan karkata shi.