Sunan da Aka Kira Sau Ɗaya

Zuwa ga Gwaggo Herminia,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwa. Mu nan garin Fresno sai godiya. An gama tsinkar inabi, na koma ɗaure lemo a kwali. Baba na nan da tarinsa. Ƙanwata Araceli tana ta karatun kwamfuta, Kaka na yi mata tsiya wai ta samu mijin da ba ya neman abinci.

Gwaggo, maganar bikin matattu ce ta sa na ɗauki biro, bikin da shi ne na farko da Kaka ta yi a ƙasar nan. Kin san ba mu da kaburburan ziyarta, sai dai ƙungiyar 'yan garinmu ta tara sunaye a karanta a zauren coci, kowane mamaci ya ji kiransa ya shigo ya ci rabonsa. Bara an yi ƙorafi, domin 'ya'ya biyar sai su kawo sunan uwa ɗaya, a yi ta maimaitawa har abinci ya huce. Shi ne aka roƙi Araceli ta tace jerin.

Ina zaune kusa da ita ta yi aikin. Kowane layi suna ne, sai ƙauye, sai shekarar rasuwa, da waƙafi a tsakani. Ta koya wa kwamfutar ta datse layi a kan waƙafi kamar rake a gaɓa, ta ɗauki gaɓar farko ta gwada da na sauran. In sun zo ɗaya, ta bar guda ta zubar da saura. Na hangi sunan Baffa Crisanto sau biyu, shekarun sun yi nisa da juna. Na nuna mata, muka yi dariya, muka ce hannun Kaka ne ya yi rawa wajen rubuta sunayen. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ranar bikin Kaka ta ajiye burodi biyu, babba da ƙarami. Aka kira Crisanto López Bautista, aka wuce. Ina kallonta ta miƙa wuya tana jira, har mutane suka tashi suka nufi tukwane. A mota ta faɗa mana abin da ko Baba bai sani ba: kafin haihuwar Baffa, ta haifi wani Crisanto, bai kai yaye ba ya koma, sai ta ba na bayansa sunan, yadda ake yi a da. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Babban ya san hanya, da ƙafarsa ya taɓa zuwa ƙasar nan. Ƙaramin ko rarrafe bai iya ba."

Araceli ta sha kuka. Ta gyara, yanzu sai gaɓoɓin uku sun zo ɗaya kafin a zubar da kowa, amma ihu bayan hari ne. Kaka ce ma ke rarrashinta.

Gwaggo, ke ce babba, wataƙila kin san inda aka kwantar da shi. Don Allah ki je ki kunna masa kyandir, ki kira sunansa da ƙarfi, ki ce uwarsa ba ta manta ba.

Ki gai da Kawu Nicanor, da Inna Tomasa, da Lupita da jaririnta. Kaka na gaishe ki. Ƙaramin burodin yana nan kan tebur ya bushe, ta ce kada a taɓa shi sai amsarki ta zo.

Ɗanki,
Fidencio