Yatsun Baba

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya sanyin can?

Ranar Talata na raka Baba Sakkwato ɗaukar zanen yatsu, don fasfon zuwa wurinka. Sau biyar na'urar tana ƙin karantawa, masu jira suna gunaguni. Sai na daka masa tsawa gaban mutane: "Baba, danna da kyau mana!"

A hankali ya ce, "Yi haƙuri, Sani, galma ce ta cinye su."

Ma'aikaciyar wurin ta shafa masa mai a yatsu tana yi masa sannu, sannan aka dace. Har muka dawo Boɗinga bai tada maganar ba. Ni kuwa har yau na kasa haɗa ido da shi, balle in nemi gafararsa.

Ka sa ni a addu'a, Yaya. Inna tana gaishe ku.

Ƙaninka,
Sani